Jirgin Abba Ya Ƙwace Mini Saurayi

Jama'a, kafin kowa ya fara tausaya mini gara in faɗi gaskiya tun daga farko: ni na shirya abin nan da hannuna, kuma ya tafi daidai yadda na tsara shi. Matsalar ke nan.

A tsakar gidanmu akwai jirgin ruwa. Ba na wasan yara ba, jirgin kamun kifi na alminiyam mai tsawon ƙafa goma sha huɗu, kife a kan tsofaffin tayoyi tsakanin igiyar shanya da tagar kicin. A gefensa akwai amalanken ƙarfe mai taya biyu da ake ɗora shi a ja da mota. Abba yana ce masa tirela, Umma kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai "waccan tsatsar". Jirgin na Baffa ne, yayan Abba, kuma a cikinsa su biyu suka yi ƙuruciyarsu suna jefa ƙugiya a tafki. Da Baffa ya rasu 'ya'yansa suka raba duk abin da ya bari, jirgin ne kaɗai kowa ya yi wa ɗan'uwansa kara a kansa. Abba, wanda a lokacin bai fi wata biyu da barin aikin tuƙin motar ma'aikata ba, ya ɗauko hayar mota ya kwaso shi. Ya ce wa Umma gyaran wata uku ne.

Bana shekara biyu ke nan. Umma ta rasa wurin tukwanen furanninta, ta raɗa wa jirgin suna "kwanon babanku".

Ni ce auta, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon buga takardu, inda rabin aikina tsara katin auren mutane ne. Kullum sai na zaɓa wa wata amarya launin fure, in dawo gida Umma ta tambaye ni yaushe zan buga nawa, kamar takarda ce ta ƙare mana a shago. Yayata da ke gidan mijinta ita ma takan bugo waya duk mako ta tuna mini cewa a shekaruna 'ya'yanta biyu. Ba wai ba na son aure ba ne. Abin da na tsana shi ne a zaunar da ni a falo da sabon mayafi kamar kayan da aka sa a gilashin shago.

Jirgin ne ya fara cetona, ba tare da na roƙe shi ba. Abba yana da hali ɗaya: duk wanda ya durƙusa ya gaishe shi, kafin ya miƙe zai ji an ce masa, "Ɗan riƙe mini nan." Wani lauya da ya zo wajena ya riƙe ƙarfe na rabin awa a cikin rana, daga nan sai ya gano shari'o'i sun yi masa yawa. Na biyun, wanda muke kira Mai Turare saboda ƙamshinsa yana riga shi sallama, bakin tirela ya yaga masa wando tun daga gwiwa. Ya turo mini saƙo cewa yana ganin ra'ayinmu bai zo ɗaya ba. Daga nan na gane Allah ya ba ni makami, na kuma riƙe shi da kyau.

Sai Gwaggo, ƙanwar Abba, ta je asibiti a cire mata haƙori ɗaya, ta dawo da siriki. Ita da kanta ta ba mu labari: bakinta cike da auduga ta tambayi likitan ko yana da mata, da ya ce a'a ta nuna masa hotona a waya tana nishi.

Ranar Asabar likitan ya zo. Tun safe Umma ta sauya labulen falo, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai ran baƙi na musamman, ta sa ni na saka doguwar rigata shuɗiya mai aiki a wuya da hannu. Ya shigo da farar riga da ta sha guga har tana ƙara, farin takalmi, da tabarau mai siririn ƙarfe. Ɗan matsakaicin mutum ne, maganarsa ƙasa-ƙasa. A minti ashirin da muka yi a falo ya tambaye ni aikina, na tambaye shi nasa, muka yarda cewa ana zafi. Duk lokacin da na yi murmushin dole sai in ji kamar ƙirga mini haƙora yake yi.

Na dubi farar rigar nan, na ji wani daɗi a raina. Cikin ladabi na ce masa ai bai gaisa da Abba ba, yana can baya. Yana fita na ɗauko waya na rubuta wa ƙawata: "Na tura shi wajen jirgi. Da wannan farar rigar, ko Asabar mai zuwa ba zai kai ba."

Na leƙa ta tagar kicin don in ga yadda za a ƙare. Abba yana fama da tsofaffin ribiti, wato ƙusoshin alminiyam masu kai biyu da suka haɗa jikin jirgin. Da yawansu sun saki, dole a huda su a fitar a sa sababbi. Shekara guda ke nan hannun Abba na dama yana rawa, abin da ba a zancensa a gidanmu, don haka injin huda yana ta zamewa yana karce jikin jirgin. Likita ya gaishe shi, ya tsaya ya ɗan kalla, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya roƙi a ba shi ya gwada. Ya ɗora bakin injin a tsakiyar kan ribitin, ya danna sau ɗaya, kan ya faɗo ƙasa kamar maɓalli.

A lokacin na tuna cewa mutumin nan huda ce sana'arsa.

Ribiti talatin da ɗaya ya cire a ranar. Abba yana kallonsa da wani irin ido da bai taɓa yi wa yayyena maza ba. Da zai tafi, farar rigar ta koma ruwan toka, shi kuma yana murmushi kamar wanda aka ba kyauta. Ya tsaya a ƙofar falo ya ce mini ya gode ƙwarai da na tura shi baya.

Asabar ta gaba ya zo da rigar aiki a leda. Ta gaba da ita ya bar rigar a ƙusa bayan ƙofar kicin. Kafin wata ya ƙare ya ƙara da Laraba da yamma, ya kuma kawo ɗan madubin nan nasu mai dogon hannu, wai don a ga ƙarƙashin kujerun jirgin inda kai ba ya shiga. Idan ya shigo zai gaishe da Umma, ya ce mini "Sannu Auta", ya wuce baya kamar ni ce mai gadi. Saƙonninsa kuwa, bari in kwafo muku ɗaya don kada ku ce sharri nake yi masa:

"Barka da asuba. Da fatan kin tashi lafiya. Don Allah ki ce wa Abba na samu katakon da ba ya shan ruwa, na bayan jirgi."

Wata rana wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aiki, na ga ya turo hoto. Ƙawata ta matso muna ɗokin gani. Hoton sabuwar fitilar bayan tirela ce, ya rubuta a ƙasa: "Ta yi kyau ko?"

Da farko na ji daɗi. Babu mai zaunar da ni a falo, kuma Umma ta daina yi mini zancen kati, don a ganinta abu ya kankama. Matar da ta shekara biyu tana zagin kwanon babanmu sai ga ta tana korar maƙwabciya daga jingina da shi, tana kai musu shayi har inda suke, tana tambaya ko samfefar goge ƙarfe ta ƙare a aiko da ita.

Abin ya lalace ne da aka zo sa sababbin ribiti. Aikin mutum biyu ne: ɗaya yana ciki ya danne kan ribitin da dunƙulen ƙarfe, ɗaya yana waje yana dukan ɗaya bakin da guduma har ya baje. Abba ya gwada riƙe ƙarfen, hannunsa ya ƙi tsayawa. Likita ya ce ai wurin ya matse, sai mai ƙananan kafaɗu. Abba ya ɗaga murya ya kira ni.

Haka na tsinci kaina a tsugune ƙarƙashin kifaffen jirgi, cikin tsohuwar rigar wanki da ɗankwalin da ya koɗe, da auduga a kunne. Tsakanina da shi babu komai sai fallen alminiyam. Kafin ya sa kowane ribiti sai ya leƙo ta hudar ya ga ko na shirya, in ga ido ɗaya a bayan tabarau. Sai ya ƙwanƙwasa sau biyu a hankali, in amsa da ɗaya, ya fara duka. Ribiti ɗari biyu da wani abu muka sa a haka cikin mako biyar. Ku yi mini dariya in kuna so, amma babu namijin da ya taɓa tambayata ko na shirya har sau ɗari biyu.

Daga cikin jirgin ina jin duk abin da ke faruwa a waje. Na ji yadda yake tambayar Abba abubuwan da na tabbata ya sani, yadda yake cewa, "Abba, duba mini layin nan, idona bai kai naka ba." Duk aikin da rawar hannu ba za ta nuna ba, awo, zana layi, zaɓen wurin da za a huda, sai ya san yadda ya yi ya faɗa hannun Abba. Ran nan guduma ta suɓuce wa Abba ta faɗi. Likita ya ɗauke ta ya ce shi ya shafa mata giris ɗazu da hannunsa, ya ba da haƙuri, ya goge ƙotar da ba ta da komai ya miƙa masa.

Shekara guda muka yi da Umma muna lallashin Abba ya je a duba hannun nan, yana cewa sanyi ne. Likita ya ce masa akwai wani abokinsa da yake son sayen jirgi yana neman shawarar wanda ya sani. Suka tafi tare. Ashe abokin nan likitan jijiyoyi ne. Abba ya dawo da ledar magani yana faɗa, wai mutumin ko bambancin gaban jirgi da bayansa bai sani ba, amma tunda ya nace zai sha don kada ya ba shi kunya.

To, daga nan ne na fara shafa kwalli don in shiga ƙarƙashin jirgi.

Na ajiye rigar wanki, na koma saka wata ruwan ƙasa da ta zauna mini a jiki. Na fesa turare. Na sa zoben azurfa da Yaya ta ba ni. Likita ya kalli hannuna na ɗan lokaci har na fara sa rai, sannan ya ce in cire zoben kada ya maƙale a ƙarfe ya ji mini ciwo. Turaren ma ya lura da shi: ya tambayi Abba ko an buɗe gwangwanin fenti ne.

Da aka shiga wata na huɗu Umma ta fara ƙirga kwanaki. Gwaggo ta zo ta zauna a gefen gadona ta ce ita fa haƙori ta bayar a kan maganar nan, ba za ta yi asara ba. Ita da Umma suka tambaye ni me Likita yake ce mini, na nuna musu hoton fitila. Umma ta tare Abba a kan ya tambayi yaron nufinsa. Abba ya ce yaron kirki ne, wata huɗu bai taɓa karya masa bakin injin huda ba, shi kuwa ba zai takura wa mutumin da ke tsakiyar aiki ba. Umma ta juyo kaina, wai ni ce ba na sakin fuska. Ni da na kusa ƙarar da kwalbar turare a kan alminiyam.

Asabar ɗin jiya aka yi gwajin ruwa. Aka juya jirgin aka ɗora shi a kan benci biyu masu ƙarfi, Abba ya riƙe tiyo yana zuba ruwa a ciki. Dabarar ita ce in ruwa bai fita ba, to ba zai shiga ba. Ni da Likita aka ba mu alli, muka shimfiɗa kwali a ƙasa muka kwanta, shi ta gefen hagu ni ta dama, kowa yana kallon gindin jirgin daga ƙasa, duk inda ɗigo ya fito a zagaye shi. Rana tana tsaka, alminiyam ɗin ya fara sanyi yana gumi, ƙarar ruwan ta rufe komai.

Muna nan kwance Likita ya yi magana, idonsa a kan jirgin.

"Auta, saura taya ɗaya a tirela. Ranar Laraba zan haɗa ta, Asabar mu kai shi tafki. Daga nan zan daina zuwa."

Na ce, "Ga ɗigo can."

Ya miƙa hannu ya zagaye shi. Ya ce kada in damu da su Umma, zai gaya wa Gwaggo aiki ne ya yi masa yawa, laifin ya tsaya a kansa.

"Wa ya ce maka ina so ka daina zuwa?"

"Babu wanda ya ce. Kullum mutane suna zama a kujerata ba da son ransu ba, ina gane su daga yadda suke damƙe hannun kujera. Haka kika damƙe kofin shayi ranar da na fara zuwa. Na so in tafi tun lokacin, sai na ga hannun Abba."

Jama'a, ni da nake tsara wa mutane kalaman soyayya a kati da ruwan zinare, na buɗe baki in yi magana, abin da ya fito shi ne, "Wancan ma kamar yana ɗiga."

Ya duba da kyau ya ce a'a, wannan gumi ne kawai.

Ɗigo uku aka samu a duk jirgin. Abba ya kashe famfo, ya zagaya jirgin sau biyu yana shafa bakinsa, sai ya shiga ɗaki ya daɗe kafin ya fito yana share tabarau. Umma ta yi ta sa albarka. Da aka zubar da ruwan, Likita ya buga ribiti ukun nan a cikin minti goma, ni na riƙe masa ƙarfe, ya ƙwanƙwasa sau biyu na amsa da ɗaya kamar babu abin da ya faru.

Kafin ya tafi ya fito da wani ɗan ƙaramin kwali daga aljihu ya nuna wa Abba. Sabon boris ne na tayar da ta rage, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Ya ce ya sha yawo kafin ya samu mai wannan lambar, don tirelar ta tsufa, an daina kawo irinsa. Ya ajiye shi a kan marfin tayar, suka tafi bakin famfo wanke hannu.

Ba zan ce muku shaiɗan ba ne, don bai kamata a ɗora masa abin da ban nemi shawararsa a kai ba. Na zo wucewa da kwalin da muka kwanta a kai, na sunkuya, boris ya shige cikin hannun rigata. Na wuce ɗaki na tura shi cikin takalmin bikin Yaya mai tsini, wanda ban taɓa iya tafiya da shi ba, na mayar da kwalin takalmin can ƙasan durowa.

Bayan motarsa ta tashi Abba ya fara nema. Ya duba ƙarƙashin tirela, ya zazzage akwatin sifana, ya ce Umma ce ta share. Umma ta ce rabonta da tsintsiya a wajen nan tun da aka hana ta taɓa ko noti. Ni ma na taya su nema, har da ɗaga tamfol. Daga baya Abba ya ɗauki waya ya shiga ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki, na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

Wajen ƙarfe biyar na yamma ina ninke kayan shanya saƙon Likita ya shigo.

"Abba ya ce boris ya ɓata. Ko kin gan shi?"

Na zauna a bakin gado. Na rubuta na goge sau uku, sannan na tura: "Ban gani ba. Kuma ka ce da wuyar samu ko?"

"Da wuya sosai. Shi ya sa na sayi biyu."

Na ajiye wayar a kan cinyata, na ji kamar in shige cikin takalmin nan ni ma. Sai na ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta dawo. Ta sake tsayawa har na gama ninke zanen gado biyu ban san na ninke ba. Sannan:

"Na biyun yana cikin aljihun teburin Abba, a ɗakin kayan aiki. Ba a kulle shi."

Na karanta sau huɗu. Na gyara ɗankwali, na fita tsakar gida, na wuce ta gefen jirgin da ruwa ke tsiyaya daga bayansa. Ƙofar ɗakin kayan aiki a buɗe take, amma Abba yana zaune a gaban teburin, gwiwarsa ta tokare aljihunan, yana jera ƙugiyoyin Baffa a cikin wani gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman ƙaryar da zan yi don in kai hannu ga boris na biyun, ko almakashi ko igiya.

Bai ɗago kai ba. Ya ja kujerarsa gefe kaɗan, ya ci gaba da jera ƙugiyoyinsa.

"Na hagu ne, Auta," ya ce. "Ki ja a hankali, yana cijewa."